Takardar da Na Ɓoye a Gindin Akwati

'Yan'uwa, salamar Yesu Almasihu ta zauna tare da ku. Sunana Rifkatu. Ni ce ta bencin baya, wadda ba ta iya waƙar Faransanci ba, sai dai ta jira "amin" ta ɗaga murya.

Daga bayan dutse muka gudo, ta gefen Najeriya, muka gangaro Mokolo da ƙafa. Mu uku muka bar gida: ni, da maigidana Bitrus, da ɗanmu Iliya. Mu biyu muka iso, 'yan bindiga masu iƙirarin Musulunci sun kashe Iliya a hanya. Tun daga ranar na tsani duk wani Musulmi, ba zan ɓoye muku ba.

Da muka zo Garwa, Bitrus ya sami aikin fiɗa a mayanka, cikin mahauta Musulmi. Al'adarsu ce, in an tashi aiki kowa ya ɗauki kasonsa na nama. Kullum yakan kawo, ni kuma in dafa masa a tukunya daban. Ban taɓa ko lasar romon ba.

An ba mu takardar 'yan gudun hijira. Na naɗe ta a leda, na sa a gindin akwati tare da takardar aurenmu. A garinmu haka ake yi wa takarda mai daraja. In Bitrus ya nema sai in ce, "Baban Iliya, bar ta, za ka ɓata ta da jini."

Wata Litinin ya tafi rakiyar shanu wajen Figil, aka tare su a kontrol, wato shingen binciken jandarmomi. Ba takarda a jikinsa, aka tsare shi. Da labari ya iso ni na ɗauko ta na shiga mota, har ina yabon kaina da iya ajiya. Jandarma ya duba, ya miƙo mini.

"Madam, wannan ai ta mutu tun bara."

Wayyo! Ni ban san takarda tana mutuwa ba! Takardar aurena shekara ashirin, ba wanda ya ce a sabunta ta. Aka ce ran Juma'a za a kwashi marasa takarda a kai su bakin iyaka. Bitrus kuwa mai wa'azi ne a ƙauyenmu, waɗanda suka kashe Iliya sun san fuskarsa.

Ta taga na gan shi. Ɗaki cike da mutane, kan siminti, ba ko tabarma. Ni na jefa shi ciki, amma abin da ya ce kawai shi ne, "Maman Iliya, kin ci abinci?"

Ran Laraba da hantsi na shigo cocin nan na kwanta a ƙasa. Ban yi addu'a mai kyau ba. Na ce, "Ubangiji, ka ɗauki ɗana. In za ka ɗauki wannan ma, kada ka bari ya zama ta hannuna. Ka aiko da wani, ko wane ne!"

Da na koma gida na tarar da wani tsoho a ƙofa da ledar nama. Baba Sale ne, Sarkin Fawa. Ko ruwa ban ba shi ba.

"'Yata," ya ce, "kwana uku kason Bitrus yana kan tebur ba mai ɗauka. A wurinmu in haka ta faru, sarki ne ke kawowa da ƙafarsa ya ga ko lafiya. Ina yake?"

Na faɗa masa ina kuka. Ya ce, "Kakana ma da ƙafa ya shigo garin nan, ba takarda. Tashi mu je wurin fastonku."

Ran Alhamis ba a yanka ko akuya ba sai bayan azahar. Mahauta suka cika mota, da fasto, da wata mata daga ofishin 'yan gudun hijira. Ita ta gaya wa jandarmomi cewa wanda ya nemi mafaka ba a mayar da shi inda za a kashe shi, ko da takardarsa ta mutu. Baba Sale ya dafa ƙirji ya ce, "Namu ne, ni na tsaya masa." Aka buɗe ƙofa. Haleluya!

Sauran na ɗakin an kwashe su ran Juma'a. Har yau ban san labarinsu ba, ku sa su a addu'a.

Bitrus ya fito da tari. Wata huɗu ya yi, Ubangiji ya kira shi. Zuciyata tana ciwo har yanzu, amma a hannuna ya cika, a ɗakinmu, na kuma san inda kabarinsa yake. Na Iliya ban sani ba. Ranar jana'iza mahauta suka tsaya can wajen bishiyar dogon yaro, cikin rana, har aka gama.

Na gode wa Yesu. Ya fitar da mijina daga wancan ɗakin da aka tsare shi, ni kuma ya fitar da ni daga ƙiyayya. 'Yan'uwa, ku duba kwanan watan takardunku, ku dogara ga Allah, kada kuma ku zaɓa masa wanda zai aiko.

Kason Bitrus bai daina zuwa ba. Yanzu tukunyata ɗaya ce, kuma ina ci. Amin.