Sunan da Aka Goge

A ɗakin jiran likitan ido, wata dattijuwa ta dubi mutumin da ke latsa waya yana tsaki.

"Ɗana, lafiya?"

"Manhajar kwamfuta na rubuta, Mama, na sake ta kyauta. Wani ya kwafe, ya goge sunana. 'Yan ƙungiyarmu ta masu rubuta manhaja suka ce in haƙura."

"Ba kyauta ka bayar ba?"

"Aikin na bayar, ban da sunana!"

"Ya aka yi ka gane taka ce?"

"Na bar wa kaina rubutu a ciki, a wajen wani kuskure: 'A gyara nan idan an sallami Baba daga asibiti.' Ba a sallame shi ba, ban gyara ba. Shekara shida ba wanda ya lura. Rubutun na nan a tasa, amma ɓarawon ya gyara kuskuren."

"To, zaginsa kake?"

Ya kife wayar.

"Godiya nake rubutawa, ina gogewa."