Ranar da Ɗiyata Ta Hana Ni Yayen Jikata

Iyaye da 'yan'uwa, na gaishe ku cikin sunan Yesu Mai Ceto. Salamarsa ta zauna tare da mu.

Wanda bai san ni ba a nan, to bai taɓa aurar da ɗiya a Dogon Dutsi ba. Ni ce Hanatu mai kitso. Shekara talatin ina riƙe da kawunan matan garin nan, kuma kowa ya san bakina ya fi hannuna sauri. Yau ma bakin ne zai yi aiki, amma asirin kaina zan tona.

Shekara shida ina shan tramol. E, ni ɗin nan! Ku daina kallon juna, ni za ku kalla.

Da ciwon baya aka fara. Mutum ya duƙa kan kitso tun safe har la'asar, ai dole baya ya yi magana. Wata mata mai zuwa kitso ta ba ni ƙwaya ɗaya, ta ce in jefa cikin kafe. Ranar na yi kai biyar, bayana bai ce mini komi ba. Ɗaya ta koma biyu, biyu ta koma huɗu. Ina saye wajen masu yawo da magani a faranti, in ƙulle a bakin zanena, inda kowace mace ke ƙulle goronta. Ran Lahadi ina tsaye cikin mawaƙa ina ɗaga murya, ƙullin yana ƙuguna. In zuciyata ta tambaye ni, sai in ce mata ai maganin aiki ne. 'Yan maye su ne samarin tasha, ni kuwa uwa ce mai neman abin sawa a tukunya.

Bara aka fara wani fim mai dogon zango, wanda ake kallo a wayar salula duk mako. Mata kan jingina salular jikin kwalbar man kitso, ina kitsa ana kallo. Labarin ɗan wani attajiri ne a babban birni, ga mota ga gidan sama, amma shi da abokansa ba su da aiki sai shan maganin tari da ƙwayoyi. Fim ɗin bai kai awa ba, gardamarsa kuwa sai magariba ta raba.

Maƙwabciyata Hajiya Rabi, matar wani matashin ɗan kasuwa, mace mai riƙo da addininta sosai, kullum ra'ayinta ɗaya ne. "Wannan ba faɗakarwa ba ce, koyarwa ce. Yaran da ba su san kalar kwalbar ba, yanzu sun sani."

Madam Zara da ke aiki a meri, ofishin magajin gari, sai ta tare ta. "Non, Hajiya, a nuna! Masu kuɗi sun daɗe suna ɓoye nasu bayan dogon gini. Bari su ma a gan su."

Ni kuwa nawa ya fi na kowa zafi. "Ku rabu da ɗan gata! Ƙoshi ne ya yi mishi yawa. A kai shi Dogon Kiriya a ba shi hauya damina ɗaya, mu ga ko zai tuna da kwalba." Sai a kwashe da dariya, ni kuma in juya in kurɓi kafena. Allah ya gafarta mini!

Ina da ɗiyar fari, ba zan kama sunanta ba, kun san al'ada. Malamar lakwal ce, tana koyar da boko a Sukukutane. Da ta haihu aka sa wa jaririyar sunana, muna ce mata Takwara. Tun ranar suna nike jiran yaye, domin a wajenmu in yaro ya isa barin nono, wurin kaka ake kai shi, ita ke lallashinsa har ya manta. Na sayi ƙaramar tabarma da ɗan kwano mai murfi. Babu kan da na kitsa ban gaya wa mai shi ba cewa Takwara na nan zuwa.

Da hutun Ista suka zo, yarinyar na da wata goma sha tara, saura kaɗan a yaye ta. Ran Asabar aka kunna fim kamar kullum, ɗiyata na gefe tana ba ta nono. A ranar aka nuna yaron yana gaya wa yayarsa cewa shi ba ɗan maye ba ne, duk ranar da ya ga dama zai bari. Na ja tsaki, na ce, "Ji maƙaryaci!"

Madam Zara ta ce, "Malama, ke ba ki ce komi ba."

Ɗiyata ba ta ɗaga kai ba. Ta ce, "Ni ban ga laifin kuɗin ubanshi ba. Abin da na gani, duk gidan sun sani, kowa na jin nauyin faɗa mishi. Da ni ce yayar nan, ba zan bar mishi ɗana ba ko na minti ɗaya."

Hajiya Rabi ta ce, "Ko da ɗan'uwanki ne na jini?"

Ta ce, "Ko da wanda ya haife ni ne."

Aka ci gaba da surutu. Ni dai na ji tsinken kitso ya yi mini nauyi a hannu, amma na dake.

Washegari bayan sujada tana haɗa kaya, ta ce, "Inna, mun yi magana da baban Takwara. Yayen a Tibiri za a yi, wajen mahaifiyarshi."

Kai! Na tashi kamar zan ci ta ɗanye. Ni da na goya ki? Ni da aka sa wa yarinya sunana? Mi zan ce wa matan gari? Ta bar ni na gama, sannan ta yi magana, idonta a ƙasa.

"Shekaranjiya da rana na dawo daga kasuwa, na tarar kina gyangyaɗi, Takwara tana cinyarki. Ta kama ƙullin zanenki tana tsotsa. Ya jiƙe sharkaf, Inna. Na kwance na ga abin da ke ciki. 'Yar leda ce kawai ta raba ta da shi."

Ta goya ɗiyarta, ta tafi tasha tana kuka.

Kuna tsammani nan take na tuba? Ina! Don haushi ma ƙara biyu na yi. Kwana huɗu ina zaginta a zuci, ina cewa lakwal ta cire mata kunya. Amma duk lokacin da na kai hannu ga ƙullin, sai in ga bakin Takwara a wurin.

Ran Alhamis na zo zumuntar mata, nan cikin ɗakin nan. Matar fasto, Mama Rahila, ta ce mai roƙon addu'a ya faɗa. Na buɗe baki in ce ciwon baya, kamar yadda na saba, sai maganar ta ƙi fita. Na kwance bakin zanena, na zube abin a kan tabarma gaban kowa, na faɗi kan gwiwoyina. Na ce, "Yesu, shekara shida ina yi maka ƙarya ina yi maka waƙa. Na kusa kashe jikata. Ba ni da ƙarfin bari, in ba ka ɗauke mini ba na hallaka." Mata suka kewaye ni, suka ɗora mini hannu. Ban ga haske ba, ban ji wata murya ba. Abin da na ji, nauyin ɓoyon nan ya sauka daga ƙirjina, na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar maigidana. Halleluya!

Da safe Mama Rahila ta raka ni gidan likita. Manjo, babban mai duba marasa lafiya a wurin, ya ce kada in yanke gaba ɗaya, a riƙa ragewa, kuma maganin ya zauna hannun wani. Ya zauna hannunta. 'Yan'uwa, na sha wuya! Zufa, zawo, ƙasusuwana kamar ana daka su a turmi. Mako uku hannuna na rawa, ko tsaga kai ban iya ba. Hajiya Rabi ce ke shigo mini da kunu kowace safiya, ba ta taɓa yi mini gori ba. Sau ɗaya na faɗi, ranar da aka kawo mini kitson biki, na saya a ɓoye na sha. Kashegari da ƙafata na je na faɗa wa Mama Rahila, muka sake durƙusawa.

Da na koma aiki, fim ɗin ya kai inda yaron ke kwance a asibiti yana karkarwa yana roƙon a ba shi ko kaɗan. Wata budurwa ta yi dariya, ta ce ya cika wasa. Na ce, "Yarinya, kada ki yi dariya. Haka yake, ni na sani." Ranar na ba su labarina duka. Kafin a watse, mata biyu sun tsaya sun tambaye ni hanyar wajen manjo, ɗaya don ɗanta, ɗaya don kanta.

Ɗiyata kuwa ban kira ta ba, kunya ta hana ni. Na sa a raina an yi yaye a Tibiri, na ce wa Ubangiji na karɓa, laifina ne.

Wata huɗu bayan haka, ana cikin babban hutu, gero ya kai gwiwa, sai ga sallama. Ɗiyata ce da Takwara a baya. Na danne zuciyata na ce, "Ta yi ɓul-ɓul. Kakarta ta Tibiri ta iya yaye."

Ta ce, "Ba a yaye ta ba, Inna."

Na ce, "Mi kika ce?"

"Da ita nike shiga aji. Surukata ta aiko sau uku, ina cewa tukuna. Duk Lahadi ina kiran Mama Rahila in ji yadda kike. Ke nike jira."

Ta kwance goyon, ta ɗora mini ita a cinya. Da safe ta hau mota ta koma, ta bar mini ɗiyarta ni kaɗai, ba mai tsaro.

Kwana uku yarinyar nan na tsala kuka tana neman uwarta, na goya ta na zagaya unguwa har ƙafata ta kumbura, kuma idona biyu, hankalina ɗaya. Ran na huɗu ta karɓi kunu daga hannuna. Ga ta can cinyar Mama Rahila, ita ce mai jan kallabin mutane.

Na gode wa Yesu da ya cece ni, ya tsare bakin jikata, ya ba ni ɗiyar da ta jira ni. In akwai wanda ya shigo yau da abin da yake ɓoyewa, kada ka jira sai an kusa rasa rai a hannunka. Faɗa wa Ubangiji, ka faɗa wa ɗan'uwa ɗaya, ka dogara gare shi. Wanda ya ɗaga tsohuwa mai taurin kai irina, ba zai bar ka a ƙasa ba. Amin.