Sunan da Za a Rubuta Kafin Sallama

Rumasa'u: Salamu alaikum. Masawudu?

Masawudu: Wa alaikumus salam, Yaya. Ina kwana?

Rumasa'u: Lafiya lau. Ya mai jego? Hasna ta samu barci?

Masawudu: Ta ɗan runtsa. Ya garin Lanham, ya aiki?

Rumasa'u: Da godiya. Jaririn yana kama nono?

Masawudu: Kamar an aiko shi. Yau asibiti za su sallame mu, takardar suna kawai ta rage mu miƙa.

Rumasa'u: Ai Sirajudeen ne, sunan Baba. Mun gama wannan.

Masawudu: Eh... Sirajudeen Trevonte.

Rumasa'u: Layin yana yankewa. Siraju wa?

Masawudu: Trevonte. Sabon kwatabak ɗinmu na ƙwallon Amurka, mai jefa ƙwallon da ƙungiya ta ɗauka a zagayen farko na zaɓen sababbin 'yan wasa.

Rumasa'u: Na ji tun farko. So na yi ka ji kunyar maimaitawa. Wasa nawa ya buga mana?

Masawudu: Ai ba a fara kakar wasa ba tukuna. Amma a jami'a...

Rumasa'u: A jami'a da yara yake wasa. Ka saurare ni. Shekara goma sha shida ina tsaye a shagon riguna na filin wasan ƙungiyar nan. Duk ɗan gwal ɗin da suka ɗauko da wuri, ni nake rataye rigarsa a bakin ƙofa. Bayan shekara biyu ni nake jefa ta a kwandon rangwame, ko masu goge mota ba sa ɗauka.

Masawudu: To ya za a yi, Yaya? Ba mai jefawa, ba kofi. Nagarin kuma ba sa kaiwa zagaye na biyu, dole a yi kasada.

Rumasa'u: Wa ake ba zaɓen farko? Ƙungiyar da ta fi kowa lalacewa. Ƙattin da za su tsare shi a gaba, labulen ɗakina ya fi su tare hanya. A ɗauko yaro ɗan ashirin da biyu a ajiye a bayansu, a ce ya ceci gari.

Masawudu: Wasu sun ceta ai.

Rumasa'u: Wasu, ban musa ba. Ƙungiya ta yi kasadarta, idan ya lalace ta kore shi ta ɗauko wani. Kai fa? Sunan ɗanka za ka kora? Ina Colby?

Masawudu: Yaya, wancan gwiwa ce ta...

Rumasa'u: Ka sa wa ɗanka na fari Abdul-Shakur Colby, ka hana mu sakat a gidan suna kana nuna mana bidiyo. Yau mutumin yana sayar da inshorar mota a garin da ko kai ba ka iya faɗa. Yaron kuwa ko fensir ya yar a aji, sai a ce ya yi halin mai sunansa. Da kuka ya gaya mini. Kai ya gaya maka?

Masawudu: Bai... a'a.

Rumasa'u: Ba ni Hasna.

Masawudu: Tana hutawa.

Rumasa'u: Ina jin dariyarta. Miƙa mata.

Hasna: Yaya, ina kwana?

Rumasa'u: Sannu, amaryar jego. Ina takardar?

Hasna: Tun da ya sauka neman kofin da zai sha na cike na ba nas.

Masawudu: Kin me?

Hasna: Sirajudeen Masawudu. Gurbin tsakiya na bar shi fari.

Rumasa'u: Allah Ya yi miki albarka. Ki gaya wa mijinki, Baba ya yi shekara arba'in yana tuƙi tsakanin Kumasi da Accra, ba wanda ya taɓa zaunar da shi a benci.

Masawudu: Yaya, idan Trevonte ya ci kofi fa?

Rumasa'u: Ka zo shago, zan sayar maka da rigar. Manajata Debbie tana harara ta.

Masawudu: Amma ki tsaya ki... Yaya? Hello?