Ashe Kaka Take Nufi

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Sunana Abu, daga unguwar Dengfeng a birnin Guangzhou. 'Yata ce ke rubuta mini, ni ban yi boko ba.

A ƙasan gidanmu akwai ƙungiyar 'yan Kudancin Amurka, masu yaren Sifaniyanci. Suna koya wa tsofaffinsu karatu, suna waƙoƙin garinsu. Rannan na fita, na kasa gane ƙofarmu. Sai wata cikinsu ta riƙo hannuna tana cewa, "Abuela, abuela!" Na ce a raina, wa ya ba ta sunana? Ashe kaka take nufi da yarensu. Har ɗaki ta kai ni.

Yanzu sun ce in zo su koya mini rubuta adireshinmu. Wallahi ina tsoron in sake ɓata, ina kuma tsoron zama cikin baƙi. Jama'a, ku ba ni shawara, in je?