Ƙulli Uku na Tsamiya

A wani kantin kayan miya da ke unguwar Masjid India, can a ƙasar waje, Kausar na tsaye a layi rungume da ƙullin tsamiya uku. Wata dattijuwa a bayanta ta ji ta tana waya da Hausa, ta jira ta gama.

"'Yar nan, unguwa guda za ki dama wa kunu?"

Kausar ta yi dariya. "A'a Hajiya, rasam zan yi. Romon Indiyawa ne, maƙwabciyata ta koya mini. Tsamiya, tumatir, masoro, tafarnuwa, shi ke nan."

"Naman fa?"

"Ba a sa nama."

"Romo ba nama? Ai wannan ruwan zafi ne! Maigidan yana sha?"

"Shi kaza yake sayowa a mamak, gidan abincin Indiyawan nan. Ni kuwa ko ƙanshinta ba na so. Sati uku ke nan kullum rasam, har tsamiyar nake tsotsa haka nan."

Dattijuwar ta ƙare mata kallo. "Da safe akwai tashin zuciya?"

"Kaɗan. Aikin digiri ne ya sa ni gaba."

"Uhm. Ni ma na yi irin wannan digirin har sau biyar. Biyu ma sun yi aure."

Dariyar Kausar ta tsaya. "Hajiya, shekararmu shida da aure. Na daina lissafi."

"To koma ki lissafa. Akwai kemis a tsallake."

Kausar ta danƙa mata kayan, ta fice ko sunanta ba ta tambaya ba.