Yaya Buba Yana Jiran Ƙodar Dabba

Assalamu alaikum mai gabatarwa, Allah ya ƙara basira. Ni ce Hajo daga Diggi ta ƙasar Kalgo, kuma wallahi cikin tsoro nake rubuto muku.

Yayana Buba makiyayi ne. Ƙodojinsa sun lalace, wankin ƙoda ake yi masa. An gwada ni, likita ya ce tawa za ta dace da shi. Muna cikin shiri sai ya ji a rediyo wai a ƙasashen waje an fara dasa wa mutane ƙodar dabba. Ya ce mini, "Hajo, ba za a yanka ki ba, ga yaranki ƙanana. Zan jira ta dabba."

Na tambayi likita, ya ce gwaji ake yi tukuna, domin jikin mutum yana gane baƙo, ya yaƙe shi. Ko tawa ma sai da magani kullum. Nan take na tuna saniyarmu da maraƙinta ya mutu. Yaya Buba da kansa ya feɗe fatarsa, ya lulluɓa wa wani marayan maraƙi. Ta shinshina, ta shayar da shi. Ran da fatar ta zame, da harbi ta kore shi.

Yanzu ƙafafun Yaya sun kumbura, ko takalmi ba ya shiga. Don Allah ku gayyato likita cikin shirinku na rediyo ya yi masa bayani.

Yaya, na san rediyonka na kunne. Nono ɗaya muka sha, ni ba baƙuwa ba ce. Ka karɓi tawa.