Gyaran Jirgin Ruwa a Garin da Babu Kogi

Babur ɗina na kabu-kabu na sayar na yi kuɗin tafiya. Kai Bashir da ka dame ni da zancen fita waje, matso kusa, ku ma ku matso. Da zan bar Damagaram, ce mini aka yi tuƙi zan yi a Riyad. Ina sauka, kafilina, wato wanda iƙamata, takardar izinin zamana, ke hannunsa, ya ce ai ya samu direba tun watan jiya. Sai ya miƙa ni wata warsha inda ake ƙera tankunan ruwa na faiba. Ɗaki kuwa a unguwar Al-Oud, mu shida, na'urar sanyaya ɗakin sai ƙara, ba sanyi.

Faiba zaren gilashi ne, an saƙa shi kamar tabarma. A jiƙa shi da wani ruwa mai danƙo, ya bushe ya yi tauri, ga ƙaiƙayi kamar ka kwana a kan ƙaiƙayin gero. Farar fatar nan mai sheƙi da ke samansa ita ake kira jalkot. Wata uku ina cewa jalof. Mudir ɗinmu, wato manajan warshar, wani Bamisre mai suna Magdi, tun daga nan bai sake kirana Laminu ba, sai Abu Jalof.

A shekarata ta huɗu, ran nan sai ga mota ta jawo jirgin ruwa har ƙofar warsha. A Riyad fa, garin da ko rafi ban taɓa gani ba. Irin mai dogon sanda da ƙyalle ne, wanda iska ke turawa. Mai shi wani dattijo ne daga unguwar Al-Naseem, Abu Fahad, malamin makaranta da ya yi ritaya. A tsakar gida yake ajiye shi, in sanyi ya shigo ya ja shi zuwa teku wajen Dammam. Rana ta gasa jikin jirgin, fatar duk ta tsattsage kamar saƙar gizo-gizo. Mudir ya yi masa alkawarin Alhamis, ya tura mini aikin.

Aikin ba wuya, haƙuri yake so. Kowace tsaga sai ka bi ta da bakin ƙarfe ka ɗan buɗa ta, ka goge ƙurar, ka dama jalkot da maganin busarwa. Fari ma kala-kala ne, na tsohon jirgi ya ja zuwa ruwan madara, sai ka yi ta ɗiga kala har su dace. A zafin Riyad in ka tsaya amsa waya, ya daskare a gwangwani. Ka cike, ka rufe da leda, in ya bushe ka bi da samfefa da ruwa har yatsa ya kasa gane wurin.

Wani ɗan Filifin da ya koya mini aiki ya saba mini da ƙwanƙwasa faiba da kwabo kafin in rufe. Ran Talata ina ƙwanƙwasawa, ko'ina ƙas-ƙas, sai can ƙasa kusa da tsakiya na ji dum. Na buɗa tsagar, na tarar ta wuce fata, zaren ciki ya rabu, faɗin tafin hannu biyu.

Na kira mudir. Ya leƙa ya ce, “Cike ka goge, Abu Jalof. Yalla, yi sauri.”

“Ya mudir, cikin ya mutu. Sai an kankare an sa sabon zare. Kwana biyar.”

“Tankuna na jiranka. Wa zai gani?”

“Ruwa zai gani.”

“Kai ka taɓa ganin teku?”

“Ban taɓa ba.”

“To rufe baki. Iƙamarka saura wata huɗu, ka sani ko?”

Na sani sarai. Na koma na ci gaba da sauran tsagogin, waccan na bar ta a buɗe, ban rufe ba, ban kuma kankare ba. Gaskiya tsoro nake ji.

Ran Laraba Abu Fahad ya leƙo, yana ta murna, yana cewa jikokinsa uku zai ɗauka ran Juma'a, ƙaramar ba ta taɓa hawa ba. Mudir na tsaye a gefensa. Ban san sa'ad da na kama hannun dattijon ba, na sa masa kwabon, na nuna masa wurin. Larabcina na titi ne, na ce, “Fog kuwayyis, juwwa harban.” Sama lafiya, ciki ya lalace. Ya ƙwanƙwasa nan, ya ƙwanƙwasa can. Sannan ya juya wajen mudir, ya nuna ni ya ce, “Ba na sauri. Wannan shi zai yi mini.”

Kwana shida na yi a kai. Da aka gama, Abu Fahad ya roƙi a ba shi ni ranar hutu, ya tafi da ni Dammam. Kada ku tambaye ni kyan teku. Muna barin gaɓa amai ya kama ni, jikokin suna ta dariya. Na kwanta a ƙasan jirgin, kumatuna daidai inda na yi facin, ruwa na dukansa ta waje. Na shafa, a bushe yake. Iyakar abin da na gani ke nan.

Mudir bai sake yi mini faɗa ba, bai kuma sake yi mini wasa ba. Abin da ya gaya wa kafilina ban sani ba, amma da iƙama ta ƙare ba a sabunta ba. Na dawo da akwati ɗaya da injin goge faiba, wanda kuke ganina da shi ina facin tankunan unguwa.

Ranar da na iso, Inna ta ce, “Laminu, wane aiki ka yi a can?”

Na ce, “Har jirgin ruwa na gyara, Inna.”

Ta ce, “Alhazai sun ce garin nan ko tafki babu.”

Har Allah ya yi mata rasuwa, in aka tambaye ta, tankin ruwa kawai take cewa, wai kada a ce ɗanta ya dawo da ƙarya.